Sawun Amalanke a Cikin Gamba

Wasu mata biyu da suka zo yawon ƙafa daga birni ne suka tsinci gawar Farfesa Curtis Ahlgren da safiyar Litinin, kwance a gindin shingen wayar da ya raba gandun jami'a da gonar Orval Tvedt. Wajena suka fara rugowa, don ni ke riƙe da ɗan ɗakin da ke bakin hanya, inda baƙi ke karɓar taswira su sha kofi kafin su shiga daji. Ɗaya ta kasa magana, ɗayar kuma ta kasa yin shiru. Na zaunar da su, na buga wa 'yan sanda waya, sannan na buga wa yayata Verna.

Farfesa Ahlgren shi ne shugaban gandun. Dogon mutum ne mai fara'a, mai son a yi abu yau-yau, kuma 'yan shekarun da ya yi a kan kujerar sun ishe shi tara masu jin haushinsa. An buge shi a ƙeya da wani abu mai nauyi. Ba a ga makami a wurin ba, sai wata tsohuwar filaya ta gyaran shinge a cikin ciyawa, da harafin T na jan fenti a mariƙinta.

Kafin rana ta take, mutanen garinmu, Elvestad, sun gama shari'a a kan teburan shagon kofi. Orval ne. Kowa ya tuna ranar cin abincin coci, da Farfesa ya miƙe ya yi albishir cewa zai buɗe sabuwar hanyar yawo, wadda za ta fito daga kurmi, ta ratsa tsakiyar filin gamba, ta bi ta bakin shingen Tvedt. Orval ya ajiye cokali ya ce dama baƙin jami'a sun saba barin ƙofarsa a buɗe shanunsa su fita titi, in aka kawo masa su har bakin shinge, to sai dai a kwashi gawar ɗayansu. An yi dariya a lokacin, don Orval ya doshi tamanin, kuma haka yake magana ko a kan gishirin miya ne. Ranar Litinin babu wanda ya yi dariya. Mutanen da suka shekara hamsin suna cin gurasar matarsa su suka fi kowa saurin cewa dama sun san za a rina. Ina son garinmu, amma ranar nan na ji kunyarsa.

Abin ya ƙara dagulewa da Dale Rustad, shugaban 'yan sandan gunduma, ya je gonar ya tarar da jini a hannun rigar Orval. Tsohon bai yi musu ba. Ya ce da sassafe ya je duba shinge ya ga mutum a kwance, ya juya shi, ya ji ya riga ya yi sanyi. Ya koma gida don ya yi waya, sai ya tarar Ardis ta tashi tana kuka tana neman mahaifiyarta da ta mutu tun ba yau ba. Ya rarrashe ta, ya yi mata wanka, ya ba ta abinci a baki, kafin ya farga motar 'yan sanda na tsakar gidansa. Rustad ya tafi da shi.

Ardis matarsa ce. Ciwon mantuwa ya cinye ta har ba ta gane fuskar kowa sai tasa, ba ta kuma karɓar loma daga hannun kowa sai nasa. Ba su da kowa a kusa. Kafin magariba an kai ta gidan kula da tsofaffi, tana riƙe da hular mijinta.

* * *

Verna ta yi rabin rayuwarta tana bin sawun barewa da dila a wannan gandu. Har digirin dakta ta yi a kai, ko da yake in ka kira ta Dakta sai ta waiwaya ta ga da wa kake. In baƙo ya ɓace a kurmi ita ake kira, shi ya sa Rustad ya ɗaga mata igiyar da suka kewaye wurin ba tare da gardama ba. Ni na bi ta da gorar ruwa da ɗan matashin da take durƙusawa a kai, don gwiwoyinta sun fara cin amanarta.

Filayar ta fara ɗagawa. Ciyawar da ke ƙarƙashinta ta yi rawaya ta kwanta, wato ta fi mako a yashe a wurin. Ta duba inda kan Farfesa ya kwanta, ta ce jinin ya yi kaɗan, ba a nan ya mutu ba, kawo shi aka yi. Daga nan ta bi faɗin da ake aske wa ciyawa a jikin shinge don tare gobara, kanta a sunkuye, hannayenta a baya, har ta tsaya a wani wuri ta nuna mana layi biyu a ƙasa. Tayoyin amalanken gandu ne, wanda ke ajiye a rumfar kayan aiki da ba a taɓa kullewa ba.

Rustad ya tsaya yana waya, mu biyu muka shiga gamba.

A watan Satumba gambar nan ta fi mutum tsawo. In ka ratsa ta takan kwanta ta sake miƙewa a yini guda, amma karan da taya ta karya ba ya tashi. Waɗannan karyayyun karare Verna ta riƙa bi da baya-baya, zuwa inda amalanken ya fito. Da farko sawun ya tafi sak. Ya bi ta kan wasu fulotan gwaji na ɗalibai, masu ƙananan jajayen tutoci, ya murƙushe su ba tausayi. Sai kuma, a inda babu tuta, babu dutse, babu rami, ya karya dama. Ya ɗan yi gaba, ya karya hagu. Ya sake miƙewa, ya sake karyawa, kowace kwana tsaf kamar kusurwar tebur.

Na ce, “Wannan ko dai ya sha ya yi tatil, ko ya manta inda za shi.”

Ta karɓi matashin ta durƙusa a daidai kwanar, ta cusa hannu a gindin ciyawa tana lalube. Na ga hannun ya tsaya. Ta daɗe a haka, har na ɗauka gwiwar ce ta riƙe ta. Da ta miƙe, fuskarta ta koma ta wadda ta yi jinyar wata guda.

“Na rasa sawun,” in ji ta.

“Ke, Yaya?”

“Ƙasa ta yi tauri a nan. Mu koma.”

An tafka ruwa ranar Asabar, takalmana duk taɓo ne. Na bi bayanta, don tun muna yara na san in Verna ta rufe baki sai dai ka haƙura. Ta gaya wa Rustad cewa a amalanke aka kawo gawar daga wani wuri a cikin fili, iyakar abin da ta gani ke nan. Rustad ya ce ai Orval ya sha aron amalanken nan, kuma ƙofarsa na nan kusa.

* * *

Washegari muka je ganin Orval a inda ake tsare da shi. Sun karɓe masa igiyar takalmi da bel, yana zaune yana riƙe da wando da hannu ɗaya. Bai tambayi lauya ba, bai tambayi shanunsa ba.

“Lorna, ke za ki je wajenta,” ya ce da ni. “Ki ce musu su zauna ta hagunta, idon dama ya mutu. Kuma kar su ce mata ta ci. Su fara cin cokali ɗaya a gabanta, su ce ya yi daɗi, sai ta buɗe baki. In ta yi kwana biyu ba ta ci ba, shi ke nan, na san ta.”

Na ce zan je. Verna ta tambaye shi ko ya ji wani abu da yammacin Lahadi. Ya ce wajen faɗuwar rana ya ji ƙarar taya daga can cikin gamba, irin ta amalanken nan da ba wanda ya taɓa sa wa mai, amma bai ɗaga kai ba.

“Mutanenku ne, 'yar Sather. Kullum cikin tura wani abu suke, daga nan zuwa can, daga can zuwa nan.” Da sunan mahaifinmu yake kiran Verna. Sai ya dube ta sosai. “Ke kina ganin abin da mutane ba sa gani. Ki fitar da ni. Ba don ni ba.”

Verna ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta, amma bango take kallo lokacin da ta faɗa.

Daga nan na wuce gidan tsofaffi. Na zauna ta hagun Ardis, na ci cokali ɗaya na kunun, na ce ya yi daɗi. Ta dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa a coci, ta karɓi cokali biyu don kar ta ba ni kunya, ta kawar da kai.

* * *

Ana nan sai zargi ya koma kan Jolene Prochaska na yini guda. Jolene ce shugabar masu ƙona fili. Duk bazara ita ke jagorantar sa wa gamba wuta don ta sake tsirowa da ƙarfi, kuma a bazarar da ta wuce wutar ta tsallake iyaka ta lashe wata rumfa, Farfesa ya rantse ba za ta sake riƙe masa ashana ba. 'Yan sanda sun ga sawun takalminta a jikin shinge, ita kuma ta ce ta yi mako ba ta je wurin ba. Nan da nan shagon kofi ya tuna cewa mahaifin Jolene ma mai zafin zuciya ne.

A ɗakina na bakin hanya Rustad ya yi mata tambayoyi, don a nan kofi yake. Verna ta riga ta duba sawun. Ɗigon ruwan sama ya huhhuda shi, wato kafin ruwan Asabar aka yi shi, alhali an ga Farfesa da ransa a coci ranar Lahadi. Da Jolene ta ga an kama ta, sai ta faɗi gaskiya: irin furanni ta je tsinka don lambun mahaifiyarta, abin da dokar gandu ta hana, kuma ba ta so ta ba wa jami'a dalili na biyu na korarta.

“In da ni ce, Yallaɓai, ai da ba ku samu gawa ba,” ta ce wa Rustad. “Wuta ce sana'ata.”

Rustad ya ce ba abin wasa ba ne. Ta ce ta sani, amma in masu jin haushin mamaci ake nema, a fara ɗaure rabin ma'aikata. Ta juya wajen Verna tana murmushi.

“Har da mai gidanki, Anti. Ni aikina kawai Farfesa zai ci. Shi kuwa ta kan 'ya'yansa sabuwar hanya za ta bi.”

Har Rustad sai da ya yi dariya, don duk wanda ya san Dakta Emmett Holub ya san abin dariya ne. Verna ta ajiye kofinta ta ce tana da aiki.

* * *

Emmett mijin Verna ne, masanin tsirrai, ɗan siririn mutum mai sanyin murya. In gizo-gizo ya shigo ɗaki, a kofi yake ɗaukarsa ya kai shi waje. Allah bai ba su haihuwa ba. A shekarar da suka yi aure ya keɓe wasu ƙananan fulotai a tsakiyar filin gamba, kowanne bai fi faɗin gado biyu ba, ya hana a ƙona su, a yanke su, ko a taka su. Duk kaka yakan kwanta a kan wani katako da yake gittawa ta samansu, ya ƙirga kowane kara da kowane fure. Shekara talatin da wani abu yana wannan. Tun da wuri ya cire tutocinsu, don ya ce tuta tana jawo barewa da baƙi. Shi ya sa mutanen gandu ke kiransu 'ya'yan Emmett, shi kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Ni kaina ban san takamaiman inda suke ba, na dai san suna can ciki.

Ranar Talata da yamma na ci abinci a gidansu. Emmett ya tambayi lafiyar Ardis, na gaya masa, ya girgiza kai ya ce abin tausayi, ya ƙara dankali a farantinsa. Ya yi mana labarin wani fure da ya ɓace daga fuloti ɗaya tun shekara tara, bana ya dawo. Idonsa har ƙyalli yake. Verna ba ta taɓa abincinta ba.

“Emmett, ka san inda ofishin Dale Rustad yake,” ta ce.

“Na sani.”

“To.”

Ya goge baki a hankali. “Ƙirgen bana saura kaɗan, Verna. In sanyi ya sauka ban gama ba, shekarar ta tafi, ba ta dawowa. In na gama zan je.”

Na ɗauka zancen ba da bayani ne, irin wanda ake karɓa daga duk ma'aikata. Na ma taya ta mita, na ce mutum a ce masa an kashe shugabansa amma shi ciyawa ce a gabansa. Ya yi murmushi ya miƙo min kwanon tuffa.

* * *

Da yammacin Laraba Ardis ta sulale daga ɗakinta, hular Orval a hannu, wai za ta je ta taya shi shigo da shanu. Rabonta da abincin kirki tun safiyar Litinin. Jiri ya ɗebe ta a kan matakala, ta faɗi ta karya ƙugu. Washegari aka shiga da ita tiyata, likita kuma ya gaya min ba ɓoye-ɓoye cewa masu irin ciwonta, in aka sa musu maganin barci, ba kasafai suke dawowa da ɗan abin da suka tafi da shi ba.

Daga asibiti ban bi ta gida ba. Na sami Verna zaune a barandarta, takalman daji a ƙafa, ba ta je ko'ina ba. Raina ya gama ɓaci, kuma ban ɓoye ba.

“Yaya, ba ki rasa sawun nan ba. Kin taɓa bin dila a kan dutse, ni ina tsaye. Ban san abin da hannunki ya taɓa a gindin ciyawar nan ba, kuma ban san wanda kike rufa wa asiri ba. Amma Ardis na can an farke mata ƙugu, mijinta na zaune a bayan ƙarfe yana riƙe da wando. Ya roƙe ki. Ina wurin.”

Ta ce ta ba wa wani dama ne ya kai kansa da ƙafarsa, don ta yi zaton yana da sauran wannan mutuncin. Na tambaye ta wa, ta ƙi faɗa. Ta ce in kira Rustad, in ce gobe da safe ya zo bakin shinge da Orval, a kira Jolene ma. Na ce Emmett fa, tunda ma'aikata ake tarawa?

“Ba sai an kira shi ba,” in ji ta. “Can yake wuni.”

A nan ne na fara gane wanda take nufi.

* * *

Raɓa ba ta bushe ba muka taru. Rustad ya zo da ɗan sanda ɗaya da Orval, an mayar masa da bel ɗinsa amma hannunsa na cikin ankwa. Jolene ta zo tana hamma. Emmett ya fito daga cikin gamba da katakonsa a kafaɗa, gwiwoyin wandonsa a jiƙe, ya gaishe da kowa, har da Orval.

Verna ta sa mu a layi ta shige gaba. Ta nuna inda amalanken ya tattake fulotan ɗalibai da tutocinsu, ta ce mai tura shi sauri yake, gawa ce a gabansa, rana na faɗuwa, bai damu da aikin kowa ba. Da muka isa kwanar farko ta durƙusa, ba ta ma nemi matashi ba, ta buɗa gindin ciyawa da hannu biyu. Kan wani turken ƙarfe ne, ya yi tsatsa, daidai da ƙasa.

Ta tambayi Orval ko ya san da shi. Ya ce shi da ya san jami'a na binne ƙarfe a nan da ya zo ya tone ya gyara ƙofarsa. Ta tambayi Jolene. Jolene ta ce ta san yankin, don tana kewaye shi da nisa in za ta sa wuta, amma ko da taswira a hannu ba za ta iya cewa ga inda turke yake a cikin wannan duhun ciyawa ba.

A kwana ta biyu ma turke. A ta uku ma haka. Sawun bai shiga ko da faɗin tafin hannu a cikin fulotan da turakun suka kewaye ba. Ya bi ta tsakaninsu, da nauyin mutum a kai, ya karya inda ya kamata ya karya.

Rustad ya cire hula ya sosa kai. “Mutum nawa suka san inda turakun nan suke, ba tare da sun gani ba?”

“Biyu,” in ji Verna. “Ni na riƙe su ana bugawa, ina amarya. Ranar Lahadi kuwa ina gidan Lorna, muna cika kwalabe da tumatir har aka kunna fitila.”

Ba wanda ya dubi Emmett, kuma kowa shi yake kallo. Shi ko yana tsaye da katakonsa kamar mai jiran a gama ya koma aiki. Rustad, wanda ya san shi tun yana yaro, ya ce a hankali cewa karkataccen sawu ba ya isa a tsaya da shi a gaban alƙali. Verna ta ce ta sani. Ta ce asalin sawun na can gaba, bayan fuloti na ƙarshe, a can jinin yake, kuma hanya mafi kusa ita ce a miƙe. Ta juya ta nufi tsakiyar fulotin da ke gabanta.

“Verna,” ya ce. Bai ɗaga murya ba. “Ki kewaya.”

Ta tsaya a bakin turken, ƙafa ɗaya a sama. Shekara talatin tana kewaya wurin nan, ko a mafarki. Ta sauke ƙafar a ciki. Muka ji karare sun karye.

Emmett ya yi wani ɗan sauti da ban taɓa ji daga bakin babban mutum ba. Ya ajiye katakon, ya zauna a kai, ya fara magana yana kallon takalmin matarsa. Ya ce ranar Lahadi da yamma yana cikin ƙirge sai ga Farfesa Curtis da guduma da damin turakun katako, ya zo ya sa alamar sabuwar hanya da hannunsa, don ya gaji da jiran kwamiti. Na farko a tsakiyar fuloti ya kafa shi. Emmett ya roƙe shi ya karkata hanyar ko da taku goma ne. Curtis ya dafa masa kafaɗa yana dariya, ya ce ciyawa ce, Emmett, za ta sake fitowa. Ya sunkuya zai ɗauki turke na biyu, gudumar na ƙasa. Emmett ya ce daga nan bai san yadda aka yi ba, ko kuma ya sani. Gudumar tana ƙarƙashin ƙaramar gadar da ke hanyar kurmi.

Orval ne ya fara magana. “Dakta, me na yi maka? Shekara nawa kana shan ruwa a famfona. Me na yi maka da ka kawo min shi bakin shinge?”

Emmett ya ɗago da mamaki na gaske a fuskarsa.

“Ba kai na nufa ba, Orval. Ban ma tuna da kai ba. Da na bar shi a nan, da 'yan sanda ashirin sun shigo da takalmansu, da motar asibiti, da masu hoto. Bakin shinge ne kawai wurin da aka riga aka aske.”

“Da aka kama ni fa?”

“Na ce in gama ƙirge tukuna. Saura kaɗan ne.”

Na so a ce mugunta ce. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta. Rustad ya cire ankwar daga hannun Orval da kansa, ya fara ba shi haƙuri, tsohon ya katse shi ya ce a kai shi asibiti.

Da ɗan sandan ya kama hannun Emmett, sai ya tsaya a gefen Verna. Na ɗauka gafara zai nema.

“Saura fuloti uku, na gefen arewa,” ya ce. “Kar sanyi ya riga ki.”

Ba ta dube shi ba. Tana nan tsaye a tsakiyar fulotin har suka ɓace.

* * *

Ina ɗakin asibitin lokacin da Orval ya shiga. Ya yi aski, ya sa rigar coci. Ya ja kujera ta hagunta, ya ɗebi kunu ya ci cokali ɗaya, ya ce kai, yau ya yi daɗi, ya miƙa mata. Ardis ta dube shi da irin ladabin da ta dube ni.

“Na gode, bawan Allah,” ta ce. “Mijina ne ke ba ni. Yana hanya.”

Ya ce to, bari su jira shi tare. Haka ya riƙa yi kullum, safe da yamma.

Shagon kofi ya ce dama shi bai taɓa yarda Orval ne ba. Mata suka riƙa kai masa kaskon dankali da nama har ya rasa inda zai ajiye. Jami'a ta ce za ta buɗe hanyar da bazara, da sunan marigayi a kan allo. Verna ba ta yi ƙirgen ba, sanyi ya sauka a kan na gefen arewa kamar yadda ya sauka a kan sauran.

Mako na biyu ta ce in raka ta asibiti. Muka sami Orval a baranda, ya fito wanke kwano. Verna ta tsaya a gabansa, ta ce ta zo ne ta ce masa wani abu, amma ta kasa samun bakin zaren. Ya saurare ta har ta yi shiru don kanta. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

“Tambaya ɗaya gare ni, 'yar Sather. Yaushe kika sani?”

Tana iya cewa ba ta tabbata ba sai daga baya, kuma ni da ban ƙaryata ta ba. Amma Verna ba ta iya ƙarya sau biyu a kan sawu ɗaya ba.

“Ranar Litinin. Da safe.”

Orval ya gyaɗa kai, ya juya kwanon a hannunsa.

“Ranar Laraba ta faɗi,” ya ce.

Ya ɗauki cokalinsa ya koma ciki.